Gurbin Sanadi

A rajistar asibitinmu na Kusiri
akwai wani gurbi, faɗinsa yatsa biyu,
an rubuta masa "sanadi" a ka.
Shekara goma sha ɗaya ina cika shi
da alƙalamin da nake saya da kuɗina.

Ashta, wata bakwai, amai da gudawa.
Sanadi: ruwa.
Iyakar abin da gurbin zai ɗauka ke nan.
Ban rubuta cewa Logon ya tsallake buhunan yashi ba,
ranar Talata, bayan lisha,
ya leƙa masai, ya fito, ya faɗa rijiya,
ya ƙulla musu zumuncin da ba su nema ba.
Uwarta a kwalekwale ta zo,
ta bi ta saman gonar da ta shuka da hannunta.
Ta ce kan dawa yana ta shafar cikin jirgin
kamar mai roƙon a tafi da shi.

Baba Barka masunci, shi bazara ce ta kawo shi,
zafin da ya sa jemagu zubowa daga darbejiya.
A bakin kasuwar kifi ya faɗi,
harshe ya bushe kamar banda.
Na cire kalanda daga ƙusa,
na rataya masa ledar ƙarin ruwa, ta ƙarshe.
Da ya farfaɗo sai ya ce,
"Yarinya, da can kogin nan yana da alkawari,
in ya ce kaka, to kaka ce.
Yanzu ya koma mai bin bashi,
ba sallama, ba sa rana."
Sanadi: rana.
Sai ka ce baƙuwa ce a garin.

Firjinmu ma ya kwanta a wannan watan,
batir ya kumbura kamar ƙafar mai ciki.
Kwalba sittin da huɗu ta rigakafin ƙyanda
na juye a rami bayan ɗakin haihuwa,
kowace kwalba damtsen yara goma.
Wannan ba shi da layi a rajista.

Sauro kuwa, da baƙo ne mai watanninsa.
Bana ya kwance kaya, ya tare.

In dare ya raba nakan fita shan iska,
in hango fitilun Njamena a ƙetaren ruwa,
benaye masu sanyi a ciki, ko a Afrilu.
Ba ƙyashi nake ba.
Amma an ce hayaƙin da ya ɓata wa sama rai
daga ƙasashe masu nisa ya fi tasowa,
uwar Ashta kuwa ko keke ba ta da shi,
murhunta duwatsu uku ne,
su ma suna ƙarƙashin ruwa.
Kura ce dai da shan bugu.
Gardin, ko fuskarsa ba mu taɓa gani ba.

Wani ya zo a farar mota neman alƙaluma.
Na ba shi.
Ya yaba kyan rubutuna,
ya sha ruwan gorar da ya zo da ita,
ya tafi kafin hadari ya haɗu.

Ashta ta yi kuka da asubar kwana na uku,
kuka mai hawaye,
ni da uwarta muka yi ta dariya kamar zararru.
Baba Barka bai ga damina ba.

Yau ma gabas ta yi baƙi.
Kaltuma mai shara ta nuna mini da tsintsiya
inda ruwan bara ya tsaya a bango,
daidai ƙugunta.
Mun ɗora kwalayen magani bisa kabad,
rajista a can sama, cikin leda biyu.
In mun wayi gari hanyar kasuwa na nan,
zan sayo alƙalami mai siririn baki,
ko gurbin zai ɗauki ƙari.